Gefen Zanin da Na Bi a Bakin Ruwa

Takalmin ne ya fara gaya mini akwai matsala. Na daɗe ina bin matar a baya, idona a ƙasa, a kan ɗan gefen atamfar da ke leƙowa ta ƙarƙashin abayarta, shuɗi mai zanen ganye ruwan ɗorawa. Sai da ta ɗaga ƙafa za ta hau wani ɗan dakali na ga takalmin. Mai tsini ne, yana ƙyalli. Anti kuwa silifas ɗin roba ta sako ranar, don ƙafarta na kumbura in ta yi tafiya.

Na ce, "Anti?"

Ta juyo. Ido kaɗai nake gani ta tsagar niƙabi, kuma idon yarinya ne, ya sha kwalli. Ta yi mini magana da Larabci, da sauri. Da ta ga ban amsa ba sai ta kalli ƙafata, ta ga irin zaninta a jikina, ta yi 'yar dariya ta ce, "Sannu," irin sannun wanda aka haifa a can, Hausar ta tsaya masa a gaisuwa. Wani ya kira ta daga wajen motoci, ta ɗaga mini hannu ta wuce. Da na riƙe mata abaya a lokacin, da labarin ya ƙare nan. Kunya ta hana ni. Ina tsaye ina kallo ta shiga mota aka ja ƙofa.

Sati uku ke nan da saukata a Riyad. Maigidana ya shekara shida a can yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani kafin a ɗaura mana aure a Funtuwa, kuma bayan auren sai da na yi shekara ɗaya da rabi a ɗakin Innata ina jiran takardu. Auren waya muka yi duk tsawon lokacin nan. Ranar da na iso, shi da abokinsa da matar abokin ne suka tarbe ni a filin jirgi. Matar ita ce Anti, Bakanuwa, ta fi shekara goma a ƙasar, kuma a unguwar Jaradiya gidansu na ƙasa da namu, bene ɗaya. Tun a mota ta zura mini abaya ta ɗaura mini niƙabi, ta ce gara in saba tun yau.

A falon Anti na koyi tsoro. Mata kan taru can da hantsi in maza sun fita, a sha shayi, a yi ta labarin kame. Wance an ɗauke ta a bakin titi da ledar cefane a hannu, ta bar tukunya a wuta. Wance sai ganinta aka yi a Kano, daga ita sai abayar jikinta. A nan na fara jin kalmar tarhil, gidan da ake tara marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu, kuma aka ce wanda aka mayar ta nan ba ya dawowa nan kusa. Wata tsohuwa a cikinsu ta taɓa cewa, "Mu ai ba wuyar ganewa gare mu ba. Ko mun rufe ido da hanci, gefen zani ya tona mana asiri." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, na adana maganar.

Ina da takarda. Iƙamata, wato katin izinin zama, ta fito kwana huɗu kafin ranar. Sau ɗaya na riƙe ta, na kalli hotona, maigida ya karɓa ya sa a walat ɗinsa bayan tasa. Ya ce, "Kar ta ɓace miki. Ai ba inda za ki ba tare da ni ba." Ni ma na ga hakan daidai ne.

Juma'a ce, lokacin sanyi, bayan la'asar. Mijin Anti ya ce yau za a kai amarya ta ga gari, ta gaji da kallon bango. Muna cikin mota yana tuƙi ya leƙo ni ta madubi.

"Amarya, yau za ki ga teku."

Maigida ya ce, "Teku a Riyad? Kai dai kar ka sa ta buga wa Inna waya ta shara mata ƙarya."

"To ruwa ne ko ba ruwa ba? A garin nan in ka ga ruwan da ya fi na bokiti ai sai ka yi masa sallama."

Wadi Namar ake ce wa wurin. Kwari ne tsakanin duwatsu masu launin ƙasa, an tare ruwa da madatsa ya zama tafki mai tsawo, aka shimfiɗa hanyar tafiya a bakinsa, da dogarin ƙarfe, da itatuwan dabino a jere kamar an auna da igiya. Da muka fito na raɗa wa Anti cewa ai bai kai dam ɗinmu na Mairuwa ba. Ita kuwa ta maimaita da ƙarfi, mazan suka yi ta dariya, mijinta ya ce an kawo 'yar Funtuwa yawon buɗe ido ta raina musu teku.

Amma wurin ya yi mini kyau, ba zan ɓoye ba. Akwai inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, fari fat, wanda mijin Anti ya rantse kunna shi ake yi kamar famfo, in an tashi aiki a kashe. Akwai agwagi suna bin gefen ruwa, yara na jefa musu burodi. Wasu yaran na tsere a 'yan kekuna da ƙananan motoci masu fitila. Iyalai sun shimfiɗa darduma ko'ina, kowace da filas ɗin gahawa da faranti na dabino, hayaƙin gashin nama na tashi ta bayan duwatsu. Maigida ya saya mini dafaffiyar masara a kofi, an tsiyaya mata man shanu da lemun tsami. Ban iya ci ta ƙarƙashin niƙabi ba tukuna, na shafe shi da mai, Anti na cewa, "Ɗaga da hagu, ci da dama, ke kam sai an buɗe miki makaranta." Maigida ya ɗauke ni hoto a jikin dogarin, ruwa a bayana. Da ya nuna mini, ni kaina ban san ni ce ba. Wata baƙar inuwa ce kawai a tsaye. A ranar na fara yin dariya sosai tun zuwana.

Abayata ba ta da aljihu, kuma ban ɗauko jaka ba, don haka wayata na cikin jakar Anti tun daga gida. Zanin da ke jikina ma ita ta ba ni, irin nata, ragowar ankon wani suna da aka yi kafin in zo. Ita ta ce mu ɗaura shi ranar, kuma da muka shiga cikin mutane ta faɗa mini dalili.

"Nan ba a gane mutum da fuska. Ki daina kallon sama, ba abin da za ki gani sai baƙi. Ƙasa za ki riƙa kallo. In kin ga gefen zanin nan, ni ce. Ni ma da shi zan gane ki."

Abin da ba ta faɗa ba, don ita ma bai zo mata a rai ba, shi ne mata da yawa sun yi ankon nan, har da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a can.

Da aka kira magariba masu rumfuna suka ja ƙofofinsu, maza suka nufi wajen salla, mu kuma muka shiga banɗakin mata don alwala. Cike yake, ana ta turereniya, ƙasa duk ruwa. Na gama, na gyara niƙabi, na duba ƙasa, sai ga shuɗi mai ganye yana fita ta ƙofa. Na bi shi. Na ɗauka wajen sallar mata za mu. Na ga tafiyar ta yi tsawo, na ce a raina Anti ta san hanya. Ita kuwa a lokacin tana ciki, ko alwalar ba ta gama ba.

Bayan motar yarinyar nan ta tafi, na juya in koma inda na fito. A nan na gane ban san inda na fito ba. Duk tafiyar da na yi, ƙasa nake kallo. An kunna fitilu, kowane dabino ya zama irin ɗan'uwansa, kowane benci irin na baya. Na ga wani gini mai kama da banɗakin, na shiga, ba shi ba ne, wannan famfunansa a hagu suke. Na fito na ci gaba, na sake juyowa. Mata na wuce ni ta ko'ina, baƙi, baƙi, baƙi, wasu da wando a ƙasa, wasu ba a ganin komai. Ba waya, ba kati, ba ko riyal ɗaya. Ban san sunan titinmu ba. Larabcin da na yi a Islamiyya na karatu ne, ba wanda ya koya mini yadda ake cewa na ɓata.

Sai na hango motar masu tsaro tana tahowa a hankali ta gefen hanyar, fitilarta na juyawa, ba jiniya. Maganar tsohuwar falon Anti ta faɗo mini. Na raɓa bayan wani dabino, na zura hannu cikin abaya, na naɗe zanina sama, na cusa shi a ƙugu har sai da na tabbata ba abin da ke leƙowa. Na janye hannuwana cikin hannun riga don kar a ga fatata da lallen da bai gama fita ba. Kusa da dabinon akwai wata babbar darduma ta wasu Larabawa, mata da yara, mazansu ba su dawo daga salla ba. Na tsuguna a can gefenta, ba a kai ba, ba kuma nesa ba, yadda mai wucewa zai ɗauka da su nake. Na rufe ƙafafuna, na sunkuyar da kai.

Motar ta wuce. Ban tashi ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na san dai sanyin dutse ya ratsa ni, na san magariba ta wuce ni da alwalata ban yi salla ba, kuma ina jin ƙarar ruwan nan da ke zubowa, wanda ɗazu ya ba ni sha'awa. Yau wata biyu ke nan, amma in maigida ya buɗe famfon wanka da ƙarfi sai in ga kaina a gindin dabinon nan. A zaune a wurin ba abin da nake gani sai ranar da za a sauke ni a Kano. In shiga motar Funtuwa da abaya ɗaya. In yi sallama a ƙofar gidanmu, mutanen da suka rako ni tasha sati uku da suka wuce su fito su gan ni. Sannan in koma ɗakin Inna, in koma jiran waya, wannan karon ba ranar da za a ce takardu sun fito.

Wata tsohuwa ce a kan dardumar ta lura da ni. Fuskarta a buɗe take, tana da 'yar ƙiba, an jingina mata matashi a baya. Ta yi mini magana, ban ɗago ba. Sai na ga ɗan ƙaramin kofin gahawa a gabana, ta miƙo. Ba a ƙin karɓar abu daga hannun babba. Na fito da hannuna na karɓa. Ta kalli hannun, ta kalli idona, ta kira 'yarta.

'Yar ta gwada Larabci, ta koma Turanci. Na yi sakandare, na ci Turanci a jarrabawa, amma a daren nan ko kalma ɗaya ba ta zo bakina ba. Ta tambaye ni ko na ɓata, na gyaɗa kai. Ta yi alamar waya da hannu, na girgiza kai. Suka yi magana tsakaninsu, a ciki na tsinci kalma ɗaya da na sani: iƙama.

Tsohuwar ta yunƙura ta miƙe, ta kama wuyan hannuna. Na ga inda ta nufa, wani ɗan ɗaki mai fitila a bakin wajen ajiye motoci, motar nan mai juya wuta na tsaye a ƙofarsa. Na so in fizge. Na so in ce mata don Allah ta bar ni a gindin dabinon, ko zuwa safe ne. Ba ni da bakin faɗa, kuma ba zan iya fizge hannu daga tsohuwa ba. Haka na bi ta, kamar tunkiyar da aka ja kasuwa.

Maza biyu ne a ciki da kaki, da tebur, da na'urar ɗumama ɗaki mai jan wuta. Tsohuwar ta yi musu bayani mai tsawo. Babban cikinsu, mai furfura a gemu, ya nuna mini kujera, sannan ya ce, "Iƙama?" Na buɗe tafin hannuwana biyu. Ya yi wata tambayar, ya sake wata, ban gane ko ɗaya ba. Ya ɗauki rediyon hannunsa ya yi magana a ciki, aka amsa masa. Na ce shi ke nan, motar tarhil ya kira. Abin da ya zo mini a rai, don Allah, wake ne. Na jiƙa wake a roba kafin mu fito, zan yi wa maigida alala da safe. Na yi ta tunanin wa zai zubar da shi in ya yi tsami.

Tsohuwar ba ta tafi ba. Ta sallami 'yarta, ta ja kujera kusa da ni, ba ta saki hannuna ba. Ƙaramin mai kakin ya fita. Ya daɗe. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ɗaga kai in kalli ƙofa.

Da ya dawo, da wani mutum ya dawo, baƙi, siriri, da farar jallabiya da rigar sanyi a kai. Ya tsaya daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

"Salamu alaikum. Baiwar Allah, kina jin Hausa?"

Ban amsa sallamar ba. Kuka ne ya amsa.

Ya jira har na sassauta. Ya ce shi ɗalibi ne, mutumin Maraɗi, sun zo shan iska da abokan karatunsa, mai kakin ya bi sahun masu salla yana neman wanda zai ji yarena. Ya ce, "Mi ya faru? Da wa kika zo?"

"Da maigidana."

"Takardarki fa?"

"Tana walat ɗinsa."

Ya juya ya faɗa musu. Mai furfurar ya girgiza kai ya ce wani abu gajere, ban san ko faɗa ba ne.

"To mi ne ne sunan maigidan naki?"

Tun da aka sa mana rana ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. Haka na ga Inna na yi da Baba, haka na tashi. Ga maza uku a kaina suna jira. Ɗalibin ya gane, ya ce a hankali, "Lalura ce, 'yar'uwa. Ba wanda zai ce kin yi rashin kunya." Na faɗa, can ƙasa, har sai da ya ce in maimaita. Na maimaita, na haɗa da na mahaifinsa.

Ya ɗan murmusa. "Masu wannan suna a Jaradiya kaɗai sun cika sahu biyu. Wane kamfani yake aiki?"

"Rigarsu dai toka-toka ce."

"Gidanku fa, wane titi?"

"Akwai masallaci a kusa. Da wani kanti mai koren allo."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Lambarsa?"

Ban sani ba. Shekara ɗaya da rabi ina amsa kiran lambar nan kullum, ban taɓa haddace ta ba, waya ce ke riƙe mini. Ta Anti ma haka. Ya shafa gemunsa, ya kalli masu kakin, suka kalle ni. Na ga duk ƙofofin sun ƙare. Na ba da sunan da ban taɓa faɗa ba, kuma bai amfana komai ba.

"Ba wata lamba da kika riƙe a ka? Ko ta wa ce."

Akwai guda ɗaya. Inna na sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun ina aji uku ni ke karanta wa masu saye lambarta. Na ce, "Sai ta mahaifiyata. Amma tana Funtuwa."

Ya ce, "Funtuwa ma ai waya na zuwa." Ya ciro tasa ya danna yadda na faɗa, ya sa a sifika, ya ajiye a kan tebur.

Ta daɗe tana ƙara. Da aka ɗauka, abin da na fara ji shi ne awakinmu, da ƙarar turmi daga gidan maƙwabta. Can rana ba ta faɗi ba, la'asar ce sakaliya.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai shessheƙa.

"Wa ke nan? Ba na ji."

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan", in tana ba wani labarina kuma "waccan". Ko ranar da zan taho, a tasha, kanta ta kawar ta ce, "To, a sauka lafiya." A cikin ɗakin nan, a gaban Larabawa uku da Bamaraɗe, na ji ta kira sunana. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ta sake kira.

"Ke ce? Me ya same ki? Yi mini magana."

Ɗalibin ne ya karɓa. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce lafiya lau nake, rabuwa kawai muka yi da maigidana a cikin taro, lambarsa ake nema. Inna ta ce, "Tana bayan kalanda, ita ta rubuta da hannunta. Tsaya, kar ka kashe." Muka ji takunta, muka ji ƙofar ɗaki, muka ji ƙusa ta faɗi. Ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a tafin hannunsa. A tsakiya ta rikice ta koma farko. Da ta gama ta ce, "Malam, ka tsaya da ita har ya zo. Amana na ba ka." Ba ta sake neman a ba ni wayar ba.

Bugu ɗaya maigida ya ɗauka. Daga inda nake ina jin muryarsa, ban taɓa jin ta haka ba.

Duk da haka ban yarda an gama ba. An ce mini a falon Anti, in aka riga aka shigar da kai ɗakinsu, ko takarda ta zo sai an kwana ana magana. Na zauna ina kallon ƙofa, tsohuwar na shafa bayan hannuna da babban yatsanta tana wani karatu a hankali.

Anti ce ta fara shigowa, silifas ɗinta a hannu, niƙabinta ya karkace. Maigida na bayanta, walat a buɗe tun daga waje. Bai kalle ni ba, teburin ya nufa. Anti ta tsaya a kaina tana haki.

"Ke yanzu ina kika shiga? Na bi bakin ruwan nan daga farko har ƙarshe sau uku. Su maza ba damar su leƙa fuskar matan mutane, ba damar su yi ta ƙwala kira, ni kaɗai ke bin ƙasa kamar mai neman allura. Ba dardumar da ban duba gefenta ba."

Sai idonta ya sauka a ƙafata.

"Ina zaninki?"

Na miƙa hannu cikin abaya na warware shi daga ƙugu. Shuɗin ya sauko har idon sawu.

"Naɗe shi kika yi?"

"An ce da shi ake gane mu."

Ta zauna a ƙasa, a kan simintin, ta dafe kai. Can ta ce, ba da faɗa ba, "Ai don a gane ki na ba ki shi."

Mai furfurar ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya, ya danna wani abu a na'urarsa. Sannan ya miƙa wa tsohuwar, mazan duk suka juya baya. Ta ɗaga niƙabina, ta kalli hoton, ta kalle ni, ta goge mini fuska da gefen mayafinta kafin ta sauke shi. Ta faɗa masa kalma biyu.

Maigida ya miƙa hannu zai karɓi katin. Mai furfurar ya tsallake hannun, ya ajiye shi a kan cinyata, ya yi wa maigida wata magana yana nuna ni da yatsa. Maigida ya sunkuyar da kai yana cewa na'am, na'am. A waje aka fara kiran isha.

Na kalli ɗalibin. Na ce, "Malam, yanzu ina za su kai ni?"

Ya ce, "Ba inda za a kai ki. Ya ce daga yau katin ya zauna a hannunki. Ya ce tun farko ma ba kama ki aka yi ba, mijinki ake nema miki, rediyon da ya yi cigiya ce. Babu komai a kanki, baiwar Allah. Tashi ku tafi gida."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Na damƙe katin da hannu biyu, na yunƙura zan tashi, sai Anti da tsohuwar suka kama ni, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu.